Almakashina da Zaren Ƙwan Maman Safwan

Ko zan manta komai na zaman Madina, ba zan taɓa mantawa da walimar Safwan ba. Yanzu ma da nake danna wannan rubutun, sai da na ajiye waya na rufe fuska, wallahi.

Safwan ɗan Tailan ne, daga kudancinsu inda Musulmi suke, ɗakinmu ɗaya a jami'a. Ya samu 'yar wani malami ɗan ƙasarsu da ke zaune a unguwar Aƙiƙ, aka sa rana bayan jarrabawa. Ni kuwa a satin na haye nahawun da ya kayar da ni sau biyu, baki har kunne, gani nake ba abin da zai gagare ni a duniya. Da ya ce, "Ya akhi, aljihu ba nauyi, taimaka mu yi abu daidai ƙarfi," nan take na naɗa kaina shugaban kwamiti (kwamitin ni ne da Lawali ɗan Zinder, shi ma janyo shi na yi).

Kuma na yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Wani dattijo Bahaushe haifaffen nan ya ara mana gonarsa ta dabino a Awali. Shinkafa da kaza mu ɗalibai muka dafa. Inda aka samu matsala babban yatsana ne. Mutum talatin Safwan ya ce, ni kuma na jefa gayyata a guruf ɗin 'yan Najeriya, har da "kowa ya fito, ba fashi". Suka fito kuwa. Har da waɗanda ba su san fuskar ango ba.

Mahaifiyar Safwan ta zo Umara ta haɗa da bikin. Tsohuwa 'yar firit, ba Larabci ko na "yalla". Kwana biyu ta yi a kan tukunya tana tsiyaya gwaiduwar ƙwai ta wani ɗan mazurari cikin ruwan sukari mai tafasa, abin yana fitowa sirara dogaye kamar zaren zinare, ta naɗe su ƙulli-ƙulli a babban faranti. Foi ton suke ce masa. Safwan ya nuna mini bidiyon, na ce, "Ma sha Allah, taliya mai zaƙi," na wuce abina.

Ranar walima bayan la'asar na shiga ɗakin girki na tarar da farantin a rufe. Na leƙa waje, gayu sun cika tabarmi maƙil. Sai lissafin gida ya motsa: abu kaɗan, baki da yawa, ai sai a gutsuttsura kowa ya ɗanɗana. Na ɗauko almakashin yankan kaza na wanke shi tas.

Lawali ya ce, "Baaba, ka tambaya kuwa?"

"Wa zan tambaya? Ni ne fa kwamiti. Miƙo kofunan gahawa."

Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Na zuba a kofuna, na ɗora wa kowanne dabino guda a kai (wai ado). Har hoto na ɗauka na sa a sitatus: "Kwamiti ba wasa."

Sai ga Safwan ya shigo da mahaifiyarsa, ta sha sabbin kaya. Ta kalli farantin, ta kalli kofunan, ta yi murmushi. Ni gogan naku na ɗauka yabo ne.

"Umma, kin ga aiki? Safwan, fassara mata, yanzu kowa zai samu!"

Bai fassara ba. A hankali ya ce mini, "Wannan ba na maza ba ne. Ita za ta miƙa wa uwar amarya da hannunta. Kuma ba a yanka shi, ya akhi. Tsawon nan shi ne fatan a daɗe tare. Haka kakata ta kai gidan su ummata."

Na waiga neman Lawali, ashe tuni ya sulale. Ni kaɗai, da almakashi a hannu, sukari na ɗiga.

"Ƙwai ne fa? Yanzu na garzaya kanti in…"

Safwan ya ce, "Shi ke nan, bar shi. Mata suna jira."

Tsohuwar nan ta matso. Ta cire dabinaina ɗaya bayan ɗaya ta tara a gefe, ta jera kofunan a farantin nata, ta gyara mayafi, ta ɗauka ta nufi ɓangaren mata, murmushin nan bai bar fuskarta ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar ko loma ban kai baki ba, ni da ban taɓa ɗaga wa kaza ƙafa ba.

Bayan kwana uku na bi su Bi'ir Ali, inda za ta hau motar Makka. Na durƙusa gaban mutane na ce, "Umma, ki yafe mini." Ta yi magana doguwa, tana kallon ƙasa.

Safwan ya ce, "Ta yafe. Ta ce kai yaron kirki ne, so ka yi kowa ya ci."

"Sauran fa? Ai ta daɗe tana magana."

"Sauran ba naka ba ne."

Sai a hanyar dawowa ya gaya mini cewa a danginsu uwar ango ce kaɗai ke kai farantin nan, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji, sauran biyar duk mata. Tun yana firamare take cewa ita ma wata rana za ta kai nata.

Abin da na koya dai: a bikin mutane, in ka ga abu a rufe, akwai wanda ya rufe shi, nemo shi ka tambaya. Yanzu duk walimar da aka kira ni, aiki ɗaya nake karɓa, jera takalma a bakin ƙofa. Su ma sai na tambayi mai su kafin in taɓa.