Miyar Dankali a Kofin Shayi

"Lafiya lau, ango. Ya sanyi? An ce mini ka yi wa abinci yaji."

"Sanyi da godiya. Wa ya buɗe wa wannan ƙofa? Ai tun bara na sake ta."

Haka suka fara, ko jakarta ba ta ajiye ba. Autata ce, ta taso daga shagon da take gyaran waya, tana jan hanci saboda sanyi, rungume da ledar dankalin turawa. Wanda take yi wa rashin kunyar kuwa mahaifina ne, yana zaune a kujerarsa ta jikin taga, an naɗe shi cikin barguna, hular sanyi har gira. Tun tana rarrafe yake kiranta amaryarsa, ita kuma tun da bakinta ya buɗe take ce masa ango. Ya sake ta sau ba adadi, bai taɓa mayar da ita ba, ita ma ba ta taɓa tafiya ba.

Ni dai ranar dariya ba ta gabana. Tun da aka sallamo Baba daga asibiti bayan ciwon haƙarƙari, abinci ya gagara. Shayi kaɗai yake sha. Likita ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, in aka dawo da shi dubawa bai fara cin abinci ba, kwantar da shi za su sake yi, su zura masa roba ta hanci. Baba kuwa ya tsani asibitin nan, can mahaifiyata ta rasu. Babu abin da ban dafa ba. In kai masa faranti da cokali, in durƙusa in roƙe shi, ya ce in ajiye zai ci. In dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Rannan na ce ko in ba shi a baki, ya yi mini wani kallo da ya sa na fita da baya. Ni ce 'yarsa ta fari, tsakaninmu sai gaisuwa da sunkuyar da kai. Ina zan iya yi masa faɗa?

Auta ba ta da wannan matsalar. Ta jawo ƙaramin tebur har gabansa, ta ɗauko wuƙa da roba daga kicin, ta zauna a ƙasa ta fara fere dankali. Ya tambaye ta ko gidan ya rasa kicin ne. Ta ce ta zo ne ya ga irin matar da ya yi asara.

"Miya zan yi, ta dankali, irin wadda ake sha da zafinta. Amma ba taka ba ce."

"Ta wace ce?"

"Ta sabon mijina. Saurayi, dogo, haƙoransa talatin da biyu cif."

"Mai haƙora talatin da biyu za ki dafa wa abincin marasa haƙori? Allah sarki, yaro ya shiga uku."

Na juya baya don kada su ga bakina. Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawo haka tun kafin ya kwanta.

Baba tsohon mai aski ne. Rayuwarsa duka a kan kawunan mutane ya yi ta, kuma alfaharinsa shi ne askarsa ba ta taɓa fitar wa kowa jini ba. Don haka da ya ga yadda Auta ke fere dankalin, ya kasa haƙuri. Ya ce wannan ba fira ba ce, kisan kai ne, rabin dankalin ya bi ɓawo. Ya ce da kan mutum ne a hannunta da tuni an kai shi makwanci ba kunne. Ta ce ai dankali ba ya kai ƙara. Ya ce shi zai tsaya masa shaida.

"To karɓi wuƙar mana, gwani. Nuna mini."

"Ba na taɓa wuƙar 'yan koyo."

Bai fito da hannunsa daga bargo ba. Auta ta ɗan dube shi, ta ci gaba da firarta. Can sai ta zaɓi wani ɗan ƙaramin dankali mai ƙulu-ƙulu, ta ce ga ɗan'uwansa nan, kansu iri ɗaya, ta cilla masa kan cinya. Kafin ya yi tunani hannun ya fito zai tare. Hannun na karkarwa, yatsun suka kasa kamawa, dankalin ya gangara ƙarƙashin kujera. Ya yi maza zai mayar da hannun cikin bargo.

"Ashe ango rawa ya koya da tsufansa," in ji ta. "Shi ya sa ake ɓoye mana hannu."

Na buɗe baki zan tsawata mata, na ga Baba ya zuba mata ido, ita ma ta zuba masa, ba wanda ya ƙifta.

"Murna yake yi," ya ce a hankali. "Murnar na rabu da ke."

"To ya ci gaba da murna. Ni na tafi girkin mai haƙora."

Ta kwashe kayanta ta yi kicin, ta bar ƙofar a buɗe da gangan. Na bi ta da niyyar in ja mata kunne, amma ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗora tukunya, ta narka man shanu, ta zuba yankakkiyar albasa ta rage wuta har ta yi laushi ba ta ƙone ba. Ta daka tafarnuwa ta jefa. Ƙanshin ya fita ya cika gidan, na ji Baba daga ɗaki yana cewa wani abu na ƙonewa. Ta ɗaga murya ta ce zuciyarsa ce, kishi ne ke cin ta.

Ta juye dankalin da ta yanka ƙanana, ta juya shi cikin man, sannan ta zuba romon ƙashin kaza da na tafasa wa Baba tun safe ya ƙi sha. Ta rufe. Tururi ya lulluɓe tagar kicin, sanyin da ya addabi ƙafafuna tun asuba ya fara saki. Duk tsawon dahuwar nan ba su yi shiru ba. Ya ce mijin nata makaho ne ko kuwa bai taɓa ganin mace ba. Ta ce ya ga mata da yawa, tsofaffin masu aski ne bai taɓa gani ba, ta yi masa alkawarin kawo shi kallo. Ya ce in ya zo ya taho da kansa, akwai aski kyauta, har da kunne.

Da dankalin ya nuna lugub, ta sa bayan ludayi ta dinga murƙushe shi a jikin tukunya. Na ce ta bar 'yan gutsattsari mana, an fi jin daɗin taunawa. Ta ce, "Umma, bari kawai," da wata murya da ba ta wasa ba, ta ci gaba da murzawa har ba sauran gudaji. Ta tsiyaya madara, ta sa gishiri da ɗan masoro, ta ƙara romo ta sassauta kaurin, ta ɗaga ludayi tana duba yadda take zuba.

Na ɗauko tire da kwano da cokali, yadda na saba. Ta ture su gefe. Ta miƙa hannu kan kantar kicin ta ɗauko babban kofin shayin Baba, mai kauri, mai mariƙi, ta zuba miyar bai cika ba. Ta zuba wani kofin ta ba ni, ta zuba nata.

A ɗaki ta tsaya a kansa ta ce ba za ta ɓata cokali a kan mutumin da ya sake ta ba, wanke-wanke da ruwan sanyin nan sai don miji.

"Riƙe mini wannan, ka ɗumama masu rawar. Kada ka sha, na mai haƙora ne."

Ya fito da hannu biyu ya rungumi kofin, ya jingina shi da ƙirjinsa. A haka karkarwar ba ta iya komai, miyar ko motsi ba ta yi ba. Auta ta zauna a ƙasa ta juya masa gefe tana hura nata, ta harare ni har sai da na zauna na kama shan nawa. Miyar ta yi daɗi, ta bi maƙogwaro da ɗumi har ciki. Amma ni ba ta ita nake ba. Ranar da muka dawo daga asibiti nake tunawa, da cokali ya kufce masa ya ɓata gaban rigarsa, na ruga da tsumma ina ayya Baba, ayya Baba. Tun daga ranar bai sake ɗaga cokali a gabana ba. Shayi kuwa a kofi yake. Ina ta sauya girki, ashe ba girkin ba ne.

"Bari in ɗanɗana," na ji ya ce, "kada ki kashe ɗan mutane, a ce daga gidana kika fito."

Ya kurɓa. Ya ɗan motsa baki. Ya ce gishiri bai ji ba. Ta tashi ta ɗauko, ta barbaɗa masa ɗan kaɗan. Ya sake kurɓa ya ce yanzu kuma ya so ya yi yawa, sai ya ƙara bincike. Ya bincika, ya sake bincikawa. Ta ce masa wannan binciken ya fi na 'yan sanda tsawo. Ya ce rai ake magana. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya tura hular baya da gefen hannu. Ni ina kallon cikin kofina, hawaye na neman zubowa, ina jin sautin kowace kurɓa kamar ana sauke mini kaya daga kai.

Da ya kai ƙasan kofin ya ɗaga shi sama ya tsiyaye, sannan ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ban gama gane matsalarta ba. Ƙaro."

"Saura na mijina."

"Wane mijin?"

"Mai haƙora."

Baba ya dubi kofin, ya dubi ƙofar kicin inda tururi ke fitowa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta haɗa da tari har sai da na tashi na dafa masa baya. Bai ture hannuna ba.

"Shi ke nan, kin ci. Na mayar da ke. Ki gaya wa yaron ya nemi wata."

Ta ce sai ta yi shawara, don ba a mayar da mace hannu rabbana. Ya nuna mata durowar gefen gado da haɓa, ya ce ta buɗe. Askarsa ce a ciki, mai ƙotar ƙashi, naɗe cikin ƙyalle, wadda ko ni ban taɓa riƙewa ba. Ya ce ta ɗauka, shi ya gama da ita, ta je ta koyi fira kada ta ƙarar da dankalin duniya. Auta ta ɗauke ta da hannu biyu. Ta sa ta a aljihun rigar sanyinta, ta karɓi kofin ta nufi kicin.

"Ki cika shi wannan karon," ya ce mata tana fita. "Rowarki ce ta sa na sake ki tun farko."

Na bi ta kicin, na tattara tire da kwano da cokalin na mayar kan kantar, na sauko da sauran manyan kofunan na wanke su.