Tashar Shaukat Basha

Kai, Allah ya yi wa Iskandariya baiwa! Teku dai wasu garuruwan ma suna da shi, amma a ina za su samo irin Ustaz Shaukat el-Banhawi? Mutum ne da ya san jirgin ƙasa ciki da bai, duk da bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Aikinsa har ya yi ritaya buga hatimi ne a ofishin ruwan famfo, amma wannan ai ƙaramar magana ce. Hular shugaban tasha ya saya wajen 'yan gwanjo a kasuwar Attarin, ya haɗa da usur na tagulla, tun daga ranar kuwa ba ya jin sallama sai an ce masa Basha, laƙabin manyan mutanen da.

Daularsa tana ƙarƙashin wani bene a unguwar Ibrahimiya, a ɗakin da ake ajiye albasa a da. Har yanzu in an yi ruwa albasar tana gaishe da baƙi. Nan ne Ƙungiyar Masoya Ƙananan Jiragen Ƙasa na wasa take. Dattawa ne masu furfura da ciwon gwiwa, duk Juma'a da la'asar suna sunkuye a kan wani makeken tebur da suka gina ƙasa sukutum a kai: gonaki, gada, dabinai, jakuna kamar ƙwayar wake. Kowa da kan jirginsa, da 'yar tasharsa, da abin tuƙinsa a hannu. Basha shi ne shugaba tun kafuwar ƙungiya. Shi ya zana layin dogon da kansa, kuma cikin ikon Allah sai ya zamana duk jirgin da ya fito daga rumfar ajiya sai ya ratsa tasharsa kafin ya je ko'ina.

Zaɓensu ma ba irin na mutane ba ne. Babu akwati, babu ɗaga hannu. Kowa zai tuƙo jirginsa ya tsayar a tashar wanda yake so, tashar da ta fi tara jirage mai ita ne shugaba. Kullum Basha ke lashewa da gagarumin rinjaye, kasancewar shi kaɗai ke tsayawa. To bana sai Doktor Wagdi, tsohon likitan haƙori, ya ce shi ma zai gwada. Tasharsa tana can inda dogo ya ƙare, benci ɗaya, fitila ɗaya, da akuya.

Basha bai ji tsoro ba. Ko kaɗan. Abinci ne kawai ya daina shigar masa.

Ana cikin haka lokacin odar alluna ya zo. Duk shekara ƙungiya takan haɗa odar allunan suna masu wuta, a kai wa Usta Sabri mai alluna a Manshiya gaba ɗaya ya ƙera. Basha ya busa usur, kowa ya ajiye kofin shayinsa.

"Ya jama'a, wannan sana'a tamu ta ginu ne a kan sanin daidai. Ƙaramin mutum, ƙaramin gida, ƙaramin allo. Duk allon da ya wuce tsawon ɗan yatsa, girman kai ne. Ni kuwa, kun sani, babu abin da na tsana irin girman kai."

Aka tafa. Shi ya ɗauki odar da kansa, don shugaba bawan jama'a ne.

A shagon Usta Sabri ya ce, "Na mutanena ka yi musu daidai ɗan yatsa. Doka ce."

"An gama, ya Basha. Naka fa?"

Basha ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hannunsa a kan kanta, daga gwiwar hannu har farce.

"Ya Basha, wannan ai ya fi tashar tsawo."

"To tashar ce ta yi kaɗan. Ka rubuta: Babbar Tashar Shaukat Basha. Kore da ja. Ya riƙa ƙiftawa."

"Har da ƙiftawa?"

"Tarihi ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya Usta."

Allo ya iso da nasa akwatin wuta da wata baƙar waya mai kauri. Basha ya dubi wayar, ya dubi gonakinsa. A ce wannan mummunar aba ta ratsa ta gaban sunansa? Ranar Alhamis ya zo shi kaɗai, ya datse ta da almakashi, ya rarrafa ƙarƙashin tebur da hularsa a ka, ya jona allon da wayar da ke ba dogon tasharsa wuta. Ya danna makunni, abu ya kama tar. Ya daɗe tsaye yana karanta sunansa, kamar wanda yau ya fara jin sa. Bai gwada jirgi ba. Wa ke ta jirgi?

Ranar zaɓe aka toshe taga da bargo don daren ƙarya ya sauka a kan tebur, kamar yadda aka saba. Allunan 'yan ƙungiya suka kama ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, gwanin sha'awa. Yayarsa Abla Safinaz, wadda ta goya shi yana jinjiri, ta zo da faranti cike da basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, don taya murna. Basha ya yaye ƙyallen da ya rufe allonsa, ya danna.

Gari ya waye! Dabinai suka koma kore, jakuna suka koma ja, allunan mutane suka ɓace ɓat. Doktor Wagdi ya kare ido da hannu, ya ce ko fitilar da yake leƙa bakin mutane da ita ba ta kai haka ba.

Abla Safinaz ta ce, "Shushu, wannan walwali haka, shagon ruwan rake ka buɗe?"

"Abla, muna bakin aiki. Basha ake cewa."

"To Basha Shushu, idona zai tsiyaye."

Ya busa usur, aka fara. Nasa jirgin ne farko, baƙi mai jan baki. Ya taho da gudunsa, yana shiga tashar sai ya yi tsit, ya tsaya cak a ƙarƙashin allo, tun Basha bai taɓa komai ba. Wutar wurin ai duk suna ya shanye, bai rage wa dogo ko ta shan ruwa ba. Basha ya juyo yana murmushi.

"Kun gani? Ya san gida."

Ya jefa abin tuƙin a aljihu yadda yake, a buɗe.

Sai na Amm Lam'i, wani dattijon ƙungiya da ya yi rantsuwa a gaban kowa cewa Doktor zai zaɓa. Ya shigo tashar, shi ma ya mutu.

"Ya Basha, ni fa ban tsaya ba! Wucewa zan yi!"

"Bakinka ne ke son wucewa, ya Amm Lam'i. Zuciyar jirginka ta faɗi gaskiya."

"Wace zuciya? Na murɗa har ƙarshe, dubi!"

"Na gaba!"

Haka suka yi ta zuwa suna jeruwa. Dattawa na murɗa abin tuƙi, suna jijjiga shi, wani har yana hura masa iska. Hayaniya ta tashi, usur ya danne ta. Daga ƙarshe na Doktor Wagdi kansa ya lallaɓo, ya tsaya a bayan sahu.

Basha ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa.

"Har kai, ya Doktor? Na yafe maka. Ya jama'a, wallahi ban nemi wannan ba. Na so in huta, in koma gefe kamar kowa. Amma idan ƙarfe da kansa ya yi magana, wane ne ni da zan ce a'a? Abla, ɗauki hoto. Jikoki za su tambaya."

Ya gyara hula, ya tsaya a bayan allo, ya ɗaga haɓa. Abla ta ɗaga wayar salula, ta matso, ta ja baya, ta karkata kai.

"Ba ka fita fa. Sunan kaɗai ke fita, kai baƙi ƙirin kamar tukunyar dafa waken ful."

"Ki matso."

"Na matso. Kashe abin nan in ga fuskarka, ko kuwa in ɗauki allon ya yi shugabancin."

Basha ya auna maganar. Suna babu fuska? Mutane za su iya ɗauka wani Shaukat ne daban. Ya miƙa yatsa cikin ƙasaita, ya kashe.

Sai aka ji ɗan ƙugi: zzzzz. Wuta ta koma dogo. Baƙin jirgi mai jan baki ya yi miƙa, ya ja jiki, ya fice daga tashar ubangidansa ko waiwaye babu. Na Amm Lam'i ya bi shi. Saura suka rufa baya, reras, suka haye gada, suka ratsa dabinai.

Basha ya busa usur. Ya sake busawa har hular ta zame. Ya cusa hannu a aljihu yana laluben abin tuƙi, ya zaro mukullin gida, ya zaro maganin hawan jini. Kafin ya kai ga abin da yake nema, jirginsa ya isa ƙarshen dogo, ya dungure hanci a gaban benci ɗaya da akuya. Sauran suka taru a bayansa.

Amm Lam'i ya share gumi, ya ce, "To, ƙarfe ya yi magana."

Abla Safinaz ta ɗauki farantin basbusa, ta ratsa ta gaban ƙaninta, ta dire shi a gaban likita.

"Barka, ya Doktor. Ko mutum ɗaya bai ƙi ka ba. Shushu ne ma ya riga kowa zuwa."