Matsala a Rigingine

A wani daji da ke bayan wani dajin, akwai kwaleji a gindin kuka inda ake koya wa 'ya'yan dabbobi dabarun warware matsala da yanke shawara. Dokta Hawainiya ce ke koyar da darasin. An ba ta aikin ne saboda ba a taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ta ajiye ba tare da ta sake tunani ba.

Ranar jarrabawar ƙarshe, da hantsi, wani ɗalibi kunkuru mai suna Barmo ya hau saiwar kukar don ya samu wurin zama a gaba. Santsi ya kwashe shi, ya wuntsila har ya fita daga inuwa, ya tsaya a rigingine, ƙafafu huɗu a sama. Watan bazara ne. Kunkurun da ya kai azahar a haka, gasasshe ne.

"Jama'a, a ɗan ture ni," in ji Barmo.

Rago ya miƙe zai je, Dokta ta ɗaga hannu.

"Kowa ya zauna. Na zo da tambayoyi a rubuce, sai ga shi Allah ya kawo mana matsala da ƙafarta. Ita ce jarrabawarku. Ku tuna abin da na koya muku: shawarar da ta fara zuwa zuciya abar zargi ce. Gaggawa aikin Shaiɗan. A fara da gano matsalar."

"Malama, ni ne matsalar," in ji Barmo. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Kai mai ruwa da tsaki ne, ba ka da ta cewa. Yi shiru a taimake ka."

Zomo, wanda shi ne monita, ya share murya. "Ranki ya daɗe, kafin mu ce ya juye, wa ya tabbatar mana ba haka aka halicce shi ba, da can ne yake tafiya a kife? Ina ganin a kafa kwamitin bincike."

Aka kafa. Kwamitin ya zagaya Barmo, ya shinshina shi, ya dawo da rahoton cewa akwai alamun juyewa, amma ana buƙatar ƙarin hujja.

Ungulu, wadda ba ta taɓa magana a aji ba tun farkon zango, ta sauko reshe na ƙasa. "Ina goyon bayan a ƙara bincike," in ji ta. "Sannu ba ta hana zuwa. Ni dai ba na sauri."

Dokta ta yaba da nutsuwarta, ta ba ta maki.

Rana ta take. Cikin Barmo ya fara ƙauri. Ajin ya kai ga matakin auna zaɓi, aka kuma samu zaɓi biyu: a juya shi ta dama, ko ta hagu.

"Ta dama," in ji Rago. "Haka muka gada. Da dama ake cin abinci."

"Kai da ko hannu ba ka da shi?" in ji Bunsuru. "Ta hagu ya faɗi, ta hagu zai tashi. Ka karanta darasi kuwa, mai ƙaton kai?"

"Wa kake kira mai ƙaton kai, sarkin wari?"

"Ko ta ina ma," in ji Barmo, da muryar da ta fara dushewa. "Wallahi ko ta ina."

Aka roƙi Dokta ta raba gardama. Ta dubi Rago da ido ɗaya ta yi fari, ta dubi Bunsuru da ɗayan ta yi baƙi, sannan ta ce kowannensu yana da hujja mai ƙarfi.

Rago ya ja da baya. Bunsuru ma ya ja da baya. Suka yi karo, Bunsuru ya yi sama ya faɗo a kan gefen ƙoƙon bayan Barmo, ƙoƙon ya wuntsila. Sai ga kunkuru tsaye da ƙafafunsa.

Ungulu ta koma reshe na sama.

"Wannan ba warwarewa ba ce," in ji Dokta. "Hatsari ne. Ba a auna zaɓi ba, ba a ƙaɗa ƙuri'a ba. Me zan ba wa maki? A mayar da shi yadda yake, a bi ƙa'ida."

Wannan shawarar ce kaɗai ajin ya amince da ita baki ɗaya, nan take. Saura a san ta inda za a mayar da shi.

"Ta dama," in ji Rago.

"Ta hagu," in ji Bunsuru.

Barmo bai auna komai ba. Ya juya ya nufi tafki da iyakar saurin kunkuru, ya tsaya a hanya ya huta, ya ci ɗan ganye, ya ci gaba. Ko da ya shige ruwa, ana kan zaɓen wanda zai shugabanci sabon kwamiti.

Da sakamako ya fito, kowa ya ci, Ungulu ce ta ɗaya. Barmo ne kaɗai ya faɗi, bisa laifin fita da kayan jarrabawa ba da izini ba.

An ce yana nan da ransa, sai dai ba shi da takardar shaida.