Rasuwar Ɗan Tsinto, Mai Ba Kowa Lambarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, Malam Ndaman mai shagon kwamfuta a Sauka Kahuta yana sanar da rasuwar abin ƙaunarsa, Ɗan Tsinto, a nan Minna, cikin daminar 2012.

Marigayin layi ɗaya ne tak a cikin rubutun gwajin da Ndaman ya tsara wa kwamfuta, na baka da ɗigo da tauraro, wanda ba ya karantuwa sai ga mai shi. Duk sanda Ndaman ya saki ɗaruruwan ɗaliban bogi da kwamfuta ta ƙirƙira kan shafin intanet na rajistar wata makaranta, don ya ga ko zai jure cunkoso, shafin kan ba kowane ɗalibi lambar shiga ta sirri. Ɗan Tsinto ke tsamo ta daga rubutun shafin, ya riƙe, ya miƙa a mataki na gaba, kowa da tasa. Bai taɓa ba Aziza lambar Bintu ba. Ba a san shi da surutu ba, sai dai hucin fankar kwamfuta in aiki ya yi nauyi: fuuu.

Bai yi jinya ba, kashe shi aka yi. Ndaman ya tafi biki Bida, abokin aikinsa Saifuddeen ya ga layin, ya ce wannan ai ƙazanta ce, ya goge, ya liƙa lambarsa ta kansa a gurbin. Ɗaliban bogi kaf suka zama Saifuddeen. Shafin da mutum ɗaya yake gani me zai gajiyar da shi? Gwaji ya yi kyau, aka tafa. Ranar rajista ɗaliban gaske suka zo, shafin ya faɗi warwas. Sunan Ndaman ne a kan aikin, don haka shi shugabar makarantar ta wanke tas a gaban iyaye, ta ce aikin baɗi kuma sai ta yi tunani.

Ya rasu ya bar rubutun gwaji maraya, da kwamfuta mai zazzaɓi, da Ndaman, wanda bai yafe ba, bai kuma yi niyya ba.

Za a yi zaman makoki ranar Litinin a harabar makarantar. An tanadar wa Saifuddeen benci a tsakiyar rana, da biro. Tunda shi ya gaji marigayin, zai yi wa kowane ɗalibi rajista da hannu, ya ba kowa lambarsa. Masu ta'aziyya daga Paiko da Sabon Gari su taho da 'ya'yansu, su shiga layi. Ana roƙon kada kowa ya ara masa lema.

Ndaman zai karɓi gaisuwa a inuwa.