Ranar da Na Yi Ruwan Sama da Buta

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da hassada ta sa na zama hadari. A ƙauyenmu, kan hanyar Mai'adua, ni ake tambaya lokacin shuka. Ana yin ruwan farko zan fita in tona ƙasa da hannu, in ga inda danshi ya kai, sannan in ce a shuka ko a dakata. Shekara da shekaru magana tawa ce (ban da shekarun da na yi kuskure, waɗannan dama laifin gajimare ne).

Sai malamin gona ya zo daga Daura da wata manhaja ta kyauta, wadda ya ce ba ta kowa ba ce, kowa na iya gyara ta. Kowane ƙauye a kafa kwalbar auna ruwa, mutum ɗaya ya riƙa shigar da abin da ya sauka a waya, duk manoma su gani, manhajar ta aiko da shawarar shuka. Wa aka ba kwalbar? Habu, taubashina, mutumin da ni na koya wa riƙon hauya! Nan da nan ya koma "Malam Habu". Wallahi abin ya ci min rai.

Wata Lahadi Habu ya tafi kasuwar Mai'adua, aka ɗan yi yayyafi a bayansa. Shaiɗan ya ce min ga dama. Na ɗauki buta kamar mai zagayawa, na je bayan gidansa na ɗura wa kwalbar ruwa har wuya. Nufina ya shigar da ƙarya, mutane su gane cewa hannuna ya fi kwalbarsa. Ina cikin yi na ji motsin babur, na arce.

Habu ya dawo ya duba, ya shigar. Saƙo ya faɗo wayoyi cewa a shuka.

Washegari ina can ina hana maƙwabta fita, ina cika baki, ashe ƙanena Isuhu, da muke gandu ɗaya, ya kwashi irin geronmu mai saurin nuna ya zuba shi duka a gona.

"Yaya, na ga ƙasar ba ta sha sosai ba," in ji shi, "amma na ce waya ta fi ni sani."

Abin da na manta shi ne, kowa na ganin bayanan kowa. Malamin gona ya lura har Kongolam babu inda aka wuce yayyafi sai mu, ya zo bincike. Bayan la'asar, jama'a cike a ƙofar masallaci, Habu ya matso yana murmushi, ya miƙo min butata, mai ɗaurin jan zare a hannu, wadda duk garin suka sani.

"Ɗan'uwa, ga hadarinka, ka manta shi a gindin kwalba."

Har liman sai da ya rufe baki da rawani. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ta bushe da yawa.

Geron ya tsiro, rana ta ƙone shi tas. Da ruwan gaske ya sauka, wurin Habu na je roƙon iri, ya auna min yana tambaya ko gobe akwai hadari. Tun daga nan na koyi cewa in za ka yi wa wani ƙarya, fara tabbatarwa mutanen gidanka ba su fi yarda da shi a kanka ba.