Zare da Farin Ƙyalle a Cikin Ambulan

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da ranar da aka auna mini likkafani ina raye, a gaban jama'a.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina sakataren wata ƙungiyar taimakon juna a Zongon Yendi. Aikinmu ɗaya ne: idan baƙo ya rasu nesa da gida, mu yi masa sutura, ko mu kai shi wurin danginsa. An ba ni muƙamin ne don ni kaɗai ke da tafireta (wadda harafinta ɗaya ya karye, sai da biro nake cikewa). Damuwarmu ita ce, mutum zai ba da sunansa a kasuwa, mu aika masa da wasiƙar maraba, daga nan shiru. Wata rana na sayi ƙosai aka ƙunshe mini a cikin wasiƙata, da sa hannuna da komai. Abin ya ƙona mini rai.

Ana haka sai Alhaji Garba, babban ɗan kasuwar doya a Salaga, ya shiga ƙungiyar, har ya yi alkawarin ba mu aron lorinsa duk sanda za a kai gawa. Shugabanmu, Malam Issaka, ya ja ni gefe ya ce, "Sakatare, wannan karon ka rubuta abin da za a karanta. In lorin nan ta kuɓuce mana, da kai zan yi."

Sai na zauna na yi tunani (a nan fa na shiga uku). Ni ɗan mai sayar da yadi ne, kuma a shagon babana ba a cika mutum da surutu, samfur ake miƙa masa ya taɓa. To, me ƙungiyarmu take bayarwa? Likkafani. Na ɗauki almakashi na yayyanka farin yadi, kowace ambulan ƙyalle ɗaya. Don kuma dole a ba mu amsa, na haɗa da dogon zare, na rubuta cewa kowa ya auna tsayinsa, ya ƙulla, ya dawo mana da shi mu adana. Wallahi ina liƙa kan sarki ina jinjina wa kaina. Na aika Salaga, na aika Bawku, har Zebilla.

Abin da na manta shi ne, yawancin mutanen nan ba sa karanta boko. Ka buɗe ambulan ka ga farin ƙyalle da zare da rubutun da ba ka gane ba, me za ka ce in ba sammu ba? Wata mai albasa a Bawku rami ta haƙa ta binne tata. Alhaji Garba kuwa kwana uku bai leƙa waje ba. Ya yanka rago, malamai suka yi sauka, ya daina gaisawa da maƙwabcin rumfarsa da yake zargi. Sai daga baya wani malamin makaranta ya karanta masa takardar.

Ranar Juma'a muna mitin a rumfar masallaci, sai ga lori ta tsaya. Alhaji Garba da kansa ya sauko, ambulan a hannu.

"Waye sakatare?"

Kowa ya nuna ni, har da Malam Issaka, da hannu biyu.

"Kwanta."

"Alhaji, don girman Allah..."

"Kwanta, ɗana. Miƙe ƙafa. Rufe ido."

Na kwanta a kan tabarma, da babbar rigata ta Juma'a. Ya durƙusa ya ja zaren nan tun daga babban yatsan ƙafata har tsakar kaina, a natse, ya ƙulla. Daga can bayan taron wani ya ce, "Allah ya jiƙan sakatare, mutumin kirki ne, sai dai ba wayo." Jama'a suka amsa da amin! Wata mai koko da ke gefe ta yi dariya har ludayi ya faɗi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Alhaji ya ɗaga ƙyallen sama. "Kuma ku dubi yadin! Wannan ko tace koko ba za a yi da shi ba."

Malam Issaka ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Alhaji, to... maganar lorin fa?"

Ya daɗe yana kallona a kwance, don ba wanda ya ce in tashi. Can ya ce, "Lori tana nan. Mutanen da suka damu da tsayina tun ina raye ba za su yar da ni ba in na mutu. Amma wannan kada a sake barinsa da ambulan shi kaɗai."

Tun daga ranar wasiƙarmu layi huɗu ce, da goro biyu, da mutum mai baki da zai kai ta ya karanta. Na kuma koyi cewa idan kana yi wa mutum maraba, ka bar zancen ranar tafiyarsa sai ya tambaya.

Zaren kuwa Alhaji ya tafi da shi. Duk Sallah sai direbansa ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ɗaga murya: "Alhaji yana gaisuwa. Ya ce in tambaya ko ka ƙara tsawo, ya gyara ƙullin."