Ganyen da Baba Zikhali Ya Gano

Daga Kosi har Sodwana, duk faɗin gaɓar tekun nan, babu masanin daji kamar Baba Mandlenkosi Zikhali. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma dattijo ba ya ƙarya. Shekara talatin yana buga hatimi a gidan waya. Ranar da ya yi ritaya ya sayi malafa da tabarau mai hangen nesa, sai ga shi ya zama Farfesan Fadama.

Da wani kamfanin haƙar ma'adinai ya ƙyalla ido kan tuddan yashin bakin teku, hukuma ta ce a ƙidaya tsirrai da dabbobin wurin. In an sami abin da ba kasafai ake ganinsa ba, ba za a haƙa ba. Farfesa ya naɗa kansa shugaba. Jama'a na cikin laka har gwiwa, shi yana kan tudu da farin takalmi, yana nuni da sanda.

"Ku rubuta dorina biyar!"

"Baba, shanun maƙwabcinmu Ngubane ne."

"Ku dai rubuta. Idon ilimi daban ne."

Rana ta uku iska ta fizge malafar, ya bi ta har gefen fadama. Nan ya yi kiciɓis da wani tsiro mai ganye kamar kunnen giwa. Ya sa aka kewaye wurin da igiya, ya raɗa wa tsiron suna Zikhaliya, ya kirawo masaniyar tsirrai daga Durban, ya tara gari.

"Jama'a, masana sun zo sun wuce, ba su gan shi ba. Ni tsiron nan yake jira. Ba na son yabo. Allo ƙarami mai sunana ya isa."

Masaniyar ta duƙa ta duba, ta kama tari. Ta ce wani ɗan kwaɗo da masu shiga laka suka kamo, wanda ba kasafai ake ganin irinsa ba, ya isa ya ceci tuddan. Zancen ganye kuwa, sai ta hau gyaran tabarau.

Sai ga Gogo MaMthembu, tsohuwa mai saƙar tabarma, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar da fartanya.

"Gogo, kauce! Dukiyar duniya ce wannan!"

"Mandla, gwazata ce. Ni na shuka. Tun kana rarrafe kake cin ta da gishiri." Ta kafta ƙasa, ta zaro guda. "In ka gama jawabin, riƙe min kwandon nan."